Wasiƙa Daga Nebraska: Mun Sayi Tsohuwar Tarakta

Na san na kwana biyu ban rubuto ba, waɗanda suka aiko suna cigiya na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Karatu ne ya sha mini kai, ga babi na uku na kundin digirina da malamina ya dawo mini da shi jawur da jan biro, ga kuma wata hidima da ta faɗo mini wadda ban taɓa zaton zan yi ta a ƙasar nan ba, wato cinikin tarakta. A kanta nake so mu tattauna yau, domin na fito daga cikinta da ra'ayi, kuma kun san halina, in magana ta cika mini ciki sai na amayar da ita.

Bari in fara da inda muke zaune, don mai karatu ya gane abin da ya haɗa ɗalibi da tarakta. Ni da iyalina ba a cikin birnin Lincoln muke ba, mun koma ƙauye, tafiyar minti 25 a mota daga jami'a. Wani tsoho ne ɗan shekara 78, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya ba mu hayar ƙaramin gida a cikin filinsa mai eka 10, wato kamar kadada 4. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana wata jiha. Ni ina ce masa Dattijo, yarana kuma Kaka suke kiransa, har ya iya amsawa. Yarjejeniyarmu ita ce ya rage mini rabin kuɗin haya, ni kuma in riƙa kula da filin. Na san wani zai ce, eka goma, me ake shukawa? Wallahi ba komai. Ciyawa ce da itatuwa da wata doguwar hanyar tsakuwa daga bakin titi zuwa ƙofar gida. Da farko abin ya yi mini ciwo, ina tuna yadda ake shari'a a garinmu a kan kunya biyu ta gona, amma daga baya na saba.

Sai dai filin da ba a nomawa ma yana da nasa aikin, kuma ba kaɗan ba. Da bazara ciyawa takan kai ƙugu in an bar ta. Akwai wani icce mai kama da fir da ke bazuwa a makiyayar Nebraska kamar annoba, in ba ka sare shi yana ƙarami ba, cikin 'yan shekaru zai cinye filin. Akwai wata ƙaya mai jan fure da dokar jihar ta wajabta wa mai ƙasa ya kashe, in ya ƙi ƙaramar hukuma ta aiko masa da takarda. Ruwan sama yana kwashe tsakuwar hanya, iska tana kayar da reshe, sannan uwa uba dusar ƙanƙara, wadda kan toshe hanyar gaba ɗaya a dare guda. Duk wannan da wata tsohuwar tarakta mai shan fetur, ƙirar shekarun 1950, muke yi, har zuwa watan Oktoban 2024 da injinta ya tsage, bakanike ya duba ya girgiza kai.

To a nan ne magana ta yi nauyi. Ɗan Dattijo ya daɗe yana matsa masa ya sayar da filin ya koma gidan kula da tsofaffi a birni, hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce: in dusa ta rufe hanya kuma ciwon zuciyar mahaifinsa ya tashi, motar asibiti ba za ta iya shigowa ba. Dattijo kuma ya ce a gidan da matarsa ta rasu zai rasu. Abin da ya tara bai wuce dala 15,000 ba, kuma in aka sayi ruɓaɓɓiya da su, babu wasu. Ni ma in aka sayar da filin, sai in kwashi mata da yara uku mu nemi haya a birni da alawus ɗin ɗalibi. Ka ga kowa da wuyansa a ciki. Da yake idonsa ya yi rauni kuma kwamfuta ba ta gabansa, sai ya ce ni zan yi bincike, shi zai biya.

Irin taraktar da ake nema don wannan aiki ba irin manyan nan ba ce da ake gani a gonakin masara, waɗanda tayarsu ta fi mutum tsawo. Ƙarama ce mai shan dizal, ƙarfin doki 20 zuwa 40 ko sama kaɗan, tayoyi huɗu duka suna ja, da bokitin kwasa a gaba, a baya kuma ƙugiya mai hannu uku da ake rataya kayan aiki, da wata sanda mai juyawa sau 540 a minti wadda ke tuƙa injin yankan ciyawa. Ƙugiyar nan wani ɗan Ailan ne, Harry Ferguson, ya ƙirƙiro ta, ta bazu a duniya bayan ya haɗa kai da Henry Ford suka fitar da tarakta mai ɗauke da ita a 1939, har yau kuma ita ake amfani da ita. Su kuma ƙananan masu dizal asalinsu Japan ne, inda gonakin shinkafa ƙanana ne. Kubota ya fara shigo da tasa Amurka a 1969. John Deere, da duk tinƙahon da Amurkawa ke yi da shi, daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Yanmar na Japan ne ya riƙa ƙera masa ƙananan nasa yana shafa musu koren fenti, Ford ma Shibaura ne ya yi masa nasa. Na faɗi wannan ne saboda mutanen nan suna da ƙabilancin fenti. Mai kore ba ya ga maciji da mai ruwan lemo, mai ja yana yi wa mai shuɗi dariya, kamar dai magoya bayan ƙwallo a majalisar mai shayi, alhali in ka buɗe murfin sau da yawa injin daga tsibiri ɗaya ya fito.

Ra'ayina, bayan wata guda ina yawo a ƙauyuka da tocila a aljihu, shi ne: wanda zai sayi tsohuwar tarakta, kafin ya tambayi kuɗinta ko ƙarfinta, ya fara tambayar inda zai sami kayan gyaranta ranar da ta tsaya, da kuma wanda zai kwance ta. Domin za ta tsaya. In amsar ta wuce tafiyar rabin awa ko awa guda, ya bar ta ko da kyauta aka ba shi.

Ban fara da wannan ra'ayin ba, da kwaɗayin araha na fara. Ta farko da na gani a intanet kamar amarya take, fenti sabo, kujera sabuwa, agogon awoyinta bai kai 600 ba, kuɗinta kuma rabin abin da muke da shi. Na kwashi Dattijo muka yi tafiyar awa biyu, ina ta lissafin canjin da zai rage. Muna isa na lura rubuce-rubucen jikinta na gargaɗi duk da harshen Japan suke. Dattijo bai ce komai ba, ya kwafi lambar samfurin a bayan ambulan, ya buga wa shagon kayan tarakta na kusa da mu waya. Mutumin ya duba ya ce wannan lambar ba ta cikin littafinsu, ba su taɓa sayar da irinta ba. Ashe tana cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Japan kaɗai, suka gama aiki a fadamun shinkafa, 'yan kasuwa suka kwaso su a kwantena suka yi musu wanka. Harkar ta taɓa yin ƙamari a nan har a 1997 hukumar cinikin ƙasa da ƙasa ta Amurka ta hana shigo da irin waɗannan na Kubota. Ba wai injinansu ba su da kyau ba ne, wasu suna da aminci sosai, kuma akwai masu sayar da kayansu ta intanet. Amma ka yi tunanin tsoho mai ciwon zuciya, dusa ta kai gwiwa, yana jiran wata 'yar roba ta iso ta gidan waya. Muka yi wa mai ita godiya muka juyo. A hanya na ce a raina, lallai kallon kitse na yi wa rogo.

Abin mamaki, darasin nan yana nan a harabar jami'armu, na sha wuce shi ban kula ba. Akwai wani ɗan gidan tarihi na tarakta a ɓangaren gabas na jami'ar, a ginin da aka fara gwajin tarakta. Labarinsa shi ne, a 1916 wani manomi ɗan Nebraska, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta mai suna Ford, wadda ashe ba ta da alaƙa da Henry Ford, wani kamfani ne a Minneapolis ya raɓu da sunan. Ba ta yi abin da aka yi masa alkawari ba. Da mutumin nan ya shiga majalisar jiha sai ya kawo ƙuduri, aka yi doka a 1919 cewa ba za a sayar da samfurin tarakta a Nebraska ba sai jami'a ta gwada shi ta tabbatar da abin da kamfani ya faɗa. An yi gwajin farko a 1920 a kan wata mai suna Waterloo Boy, kuma har yau ɗakin gwajin yana aiki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokar ba ta tsaya ga ƙarfin inji ba, ta kuma wajabta wa kamfani ya ajiye kayan gyara a cikin jihar. Wato shekara ɗari da suka wuce manoman nan sun riga sun gane cewa tarakta marar safaya gungumen ƙarfe ce kawai.

Maƙwabcinmu, wanda manomi ne na gaske, ya ba da tasa shawarar, wai mu je gwanjo mu sayi babbar tsohuwar taraktar gona mai doki 70, sun fi araha. Gaskiya ne sun fi araha, amma ba za ta shiga tsakanin itatuwa ba, ba za ta shiga rumfar Dattijo ba, taya ɗaya tata in ta fashe kuɗin hayata ne na wata, kuma galibinsu tayoyin baya kaɗai ke ja. Inda na yarda da shi shi ne batun nauyi. Mutane suna ruɗuwa da lambar doki, alhali wajen tura dusa ko jan tsakuwa nauyin jiki ne ke aiki, marar nauyi sai ta tsaya tana ta wulwula taya a wuri ɗaya. Shi ya sa ake ɗura ruwa a tayoyin baya. A da ruwan wani gishiri ake zubawa, wanda ke cinye ƙarfen wili da tsatsa, yanzu da yawa ruwan gwozar sukari suke sawa. Saboda haka in ka ga tsatsa a gindin bawul ɗin taya, ka san abin da ke ciki.

Sai batun shekarar ƙira. Daga 2013 dokar hayaƙi ta Amurka ta tsananta a kan injinan dizal masu doki 25 zuwa 75, aka fara sa musu matatar da ke tare baƙin hayaƙi a salansa, da kwamfutar da ke lura da ita. Matatar nan takan cika, sai injin ya yi zafi sosai ya ƙone abin da ya taru, aikin gida kuma na tashi-ka-kashe ne, minti ashirin nan, rabin awa can, ba ya ba ta zafin da take so. Waɗanda ke ƙasa da doki 25 dokar ba ta kai su ga matatar ba, shi ya sa za ka ga kamfanoni suna ta fitar da masu doki 24 da ɗoriya, kamar L2501 ta Kubota da 1025R ta John Deere. Ni ba na cikin masu zagin dokar, duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san abin da hayaƙin dizal ke yi wa ƙirji. Amma ga mai kuɗi ƙididdigaggu, injin da bakaniken ƙauye zai gyara da sifana ya fi wanda sai an jona masa kwamfutar dila. Rigimar nan ta waye ke da ikon gyara ba ƙarama ba ce a nan: jihar Colorado ta yi doka a kai a 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da ciniki ta tarayya ta kai John Deere kotu a kan batun. Wannan na cikin abin da ya sa tsofaffin da aka ƙera kafin 2013 ba sa faɗuwa a kasuwa yadda mutum zai zata.

Dole in yi wa ɗan Dattijo adalci, domin shi ya ce in dai sai an saya, to a sayi sabuwa bashi, da garanti, kamfanoni ma sukan ba da rance marar ruwa. Ga mai albashi da shekaru a gaba, ban ga laifin wannan ba, kuma hankalinsa zai fi kwanciya. Amma tsoho ɗan 78 da ke cin fansho ya ɗauki bashin shekara shida ko bakwai a kan abin da ba zai yi aikin awa 100 a shekara ba? Injin dizal da aka kula da shi yana yin awoyi dubbai. Wadda ta yi 1,000 a hannun mai tsafta, a irin aikinmu, za ta iya kaiwa lokacin da yarana za su yi aure. Ya kuma ce ai ana iya ɗaukar ɗan kwangila ya riƙa share hanya. Haka ne, amma ranar da dusa ta sauka kowa ke kiransa, kuma ƙarshen layi gidan da ke ƙarshen hanya yake.

Ta biyar da muka duba ita muka saya. Na roƙi mai ita tun a waya kada ya tayar da ita kafin mu zo, da muka isa kuma na fara ɗora hannu a kan injin in ji ko da ɗumi, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Ta tashi bugu ɗaya, ta yi ɗan hayaƙi ta washe. Na buɗe murfin baƙin mai tana aiki in ga ko tana huci, na zaro sandar mai in ga ko ya yi fari kamar an zuba madara, alamar ruwa na shiga, na leƙa lagireto, na kwanta a ƙasa da tocila ina neman yoyo a gindin tayoyin gaba. Na ɗaga bokiti sama na kashe inji muka tsaya hira, in ga ko zai sauko da kansa. Agogo ya nuna awa 1,100, na kuma gwada shi da cin da feda da kujera suka yi, don agogo yana ƙarya amma feda ba ta yi. Duk da haka abin da ya sayar mana da ita wani ɗan littafi ne mai maiƙo da mutumin, tsohon malamin makaranta, ya ɗauko, inda ya rubuta kowace ranar da ya canja mai da filta tun 2008. Shagon da ke sayar da kayanta kuma minti 20 ne daga gidanmu. Ya ce 15,000, na ce masa a garinmu ba a sayen ko akuya a kuɗin farko, ya yi dariya, muka daidaita a 13,800 har da injin yankan ciyawa mai faɗin ƙafa 5. Wani abin lura, a galibin jihohin nan tarakta ba ta da takardar mallaka irin ta mota, don haka sai da muka rubuta takardar ciniki da lambar jikinta, muka kuma bincika a ofishin sakataren jiha ko akwai bashin banki a kanta, kada mu sayi rigimar wani.

Wuri ɗaya muka yi sa-in-sa da Dattijo. Taraktar tana da wani ƙarfe mai kama da ƙofa a bayan kujera, wanda ke hana ta danne direba in ta kife. Ƙarfen ya fi ƙofar rumfarsa tsawo da ɗan taƙi, sai ya ce a cire shi, ai shekara hamsin yana tuƙi ba shi. Na ce masa, "Dattijo, ka yi haƙuri, in aka cire ni ba zan hau ba." Kifewar tarakta na sahun gaba a abubuwan da ke kashe manoma a bakin aiki a ƙasar nan, kuma ƙaramar da ta ɗaga bokiti cike a kan gangare ba ta da wuyar kifewa. Suwidin ta wajabta ƙarfen nan a kan sababbin taraktoci tun 1959, kamfanonin Amurka sai a tsakiyar shekarun 1980 suka mai da shi ƙa'ida, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta nan kuma ta ce in an haɗa shi da ɗaura bel yana kare rai kashi 99 cikin 100. Ajali na hannun Allah, amma an ce ka ɗaure raƙuminka. Ya yi fushi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, rana ta uku na fito na tarar da shi da zarto yana ɗaga saman ƙofar rumfar.

Ba a yi wata biyu ba ta ba mu matsala ta farko, tiyon man haidurolik na bokiti ya fashe ranar wata Asabar da safe, dusa na sauka. Na kwance shi, na tafi shagon, suka haɗa mini sabo ina tsaye, kafin azahar na share hanya har bakin titi. Ta biyu kuwa laifina ne, na bar dizal ɗin bazara a tanki, sanyin Janairu ya daskarar da shi ya zama kamar man shanu, sai da na canja filta na koyi cewa akwai dizal na hunturu daban.

Yanzu ga Yayana da ke Funtuwa, wanda tun da na aika masa hoton ina kan kujerarta yake cewa in nemo masa irinta in saka a kwantena, da sauran waɗanda suka yi mini irin wannan tambaya. Yaya, ba rowa nake yi ba. Irin wannan za ta yi amfani a gonarka, tunda dama don ƙananan gonaki aka ƙirƙiro ta. Amma kafin mu yi maganar kuɗin jirgi da kwastan, ka shiga wajen masu gyaran tantan na Funtuwa da Zariya, ka tambaye su wace iri suka sani kamar tafin hannunsu, wace iri ce in filtarta ko famfonta ya mutu za a samu a Kano a yini ɗaya. Ina kyautata zaton Massey Ferguson za su fara ambata maka. In kuwa haka ne, gara mu haɗa kuɗin ka sayi tsohuwarta a nan gida, ka je da bakanikenka ya ɗora hannu a injin da sassafe. Ni da kai mun sha wuce taraktocin da aka kawo da kiɗa da rawa suna zaune a kan duwatsu a harabar sakatariya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, kuma da yawansu abin da ya zaunar da su bai fi tafin hannu girma ba.

Ɗan Dattijo ya zo hutu da iyalinsa, ya zagaya taraktar sau biyu, ya hau ya kai bakin titi ya dawo, bai ce komai ba a kan sayar da fili, mu ma ba mu tayar da maganar ba. Littafin nan mai maiƙo yana rataye a ƙusa cikin rumfa, na ci gaba da rubutu daga inda malamin ya tsaya, yanzu muna awa 1,186, saura kaɗan a canja baƙin mai.

A gaida mutanen gida, a kuma sa ni a addu'a a kan babi na uku. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku,
daga wani ƙauye kusa da Lincoln, Nebraska.